Turken Gindin Ɓaure

Takardar layi huɗu ce. Alhaji Sanda ya kawo ta ofishin dabbobi da kansa ranar Laraba, bakwai ga Nuwamba, 2007, an riga an buga ta da tafireta, wurin sa hannu kawai aka bari. Abin da ta ƙunsa shi ne, kurmin da ke ƙasan Tungan Ndayako, kilomita biyu daga madatsar Tagwai, shi ne tushen sammoren da ke kashe shanu a wurin, namun dajin cikinsa ne ke ɗauke da cutar, kuma malamar dabbobi ta yankin ta amince a sare shi.

Malamar dabbobin ita ce Liyatu Zamani, shekararta tara a aikin. Iyayenta daga kudancin Kaduna suka zo, amma a Shango aka haife ta, a can kuma take zaune. Ta karanta takardar a tsaye, ta ajiye, ta sake ɗauka.

"Huɗu, Malama," in ji Alhaji Sanda. "Shanu huɗu cikin wata uku. Ki yi allura su miƙe, bayan sati uku su sake kwanciya. Ke kike yin allurar, ba labari nake ba ki ba."

"Na sani, Alhaji."

"Mai unguwa ya ce ba a taɓa masa itace ko ɗaya sai ya ga hannun hukuma. To, hannun hukuma ga shi nan a jikinki, har da awarwaro."

Alhaji Sanda ɗan kasuwa ne, jikan mutanen da suka zo Minna zamanin aikin reluwe. Siminti da kwanon rufi yake sayarwa. Kiwo daga baya ya shigo masa, yana kuma yin sa yadda yake ciniki, ba ya son abu ya kwana. Ya riga ya yi magana da masu injin sare itace, Asabar da safe za su zo. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci za a zauna a ƙofar mai unguwa Ndayako, a can ake son ganin takardar.

"Ka bar mini ita zuwa Juma'ar."

"Sa hannu ne fa, ba haihuwa ba."

"Zuwa Juma'a, Alhaji."

Da ya fita ta kasa zama. Ta buɗe littafin aikinta, ta koma watan Yuni. Ranar sha biyu ga wata, Alhaji ya sayo shanu goma sha ɗaya daga wata kasuwa can kudu, ta wajen kogin Neja. Ɗaya daga ciki, farar saniya, ta iso a rame, idanunta na hawaye, gashin jelarta na zuba. Liyatu ta ɗebi jinin kunnenta, ta ga ƙwayar sammore, ta yi mata allura. A ƙasan wannan ta rubuta abin da aka koya mata tun shekarar farko a makarantar koyon aiki: a ware ta daga garke, a sama mata inuwa da ruwa. Ba ta rubuta inda aka ware ta ba. Wannan ba sai littafi ya tuna mata ba.

Ta rufe ofis kafin sha biyu, ta tari ɗan acaɓa.

Kurmin bai kai kilomita ɗaya da rabi a tsawo ba, faɗinsa kuma taku ɗari biyu ne a inda ya fi faɗi. Rafin da ke fitowa daga ƙasan madatsa yake bi, gonakin doya sun matse shi ta kowane gefe. A bakinsa ta tarar da Baba Sheshi yana ɗinke takalminsa. Maharbi ne, Banufe, ya haura shekara sittin, yana da amya goma sha biyu a rataye a itatuwan kurmin.

"Likita! Kin zo ganin gawa tun ba ta mutu ba?"

"Sannu da aiki, Baba."

"Wane aiki? Asabar za a sallame mu, ni da zumana. Alhajinki ya ce zai shuka ciyawar turawa a nan."

"Raka ni gindin ɓaure."

Bai tambaye ta dalili ba. Ya rataya bindigarsa ya wuce gaba. Tafiyar minti goma ce a cikin inuwa mai laima. Ɓauren na tsaye a inda gaɓar rafi ta kwanta, ruwa bai kai gwiwa ba. Taku uku daga gindinsa akwai turke, har yanzu da guntun igiya a wuyansa.

Ba ta gama tsayuwa ba ta ji zafi a ƙeya kamar an soka mata allura. Ta kai mari, abin ya faɗo a kafaɗarta yana motsi. Ƙudan tsando ba ya mutuwa da mari, sai an murje shi tsakanin yatsu. Ta murje, ta dubi fikafikansa da suka hau juna kamar almakashi a rufe, ta yar. Wasu biyu suka sauka a baƙin siket ɗinta.

"Kin ga ramin nan?" Baba Sheshi ya nuna da bakin bindiga. Kusa da turken ƙasa ta lotsa kamar ƙwarya, ta yi sumul. "Ba ni na haƙa ba. Harshe ne ya haƙa."

"Harshen wa?"

"Makiyayin Alhaji ya zuba wa saniyar kanwa, ta samu ƙarfi. Ruwan sama ya narkar da ita cikin ƙasa. Tun daga nan kasuwa ta ci. Mazo, gada, har gadu biyu da na yi shekara uku ban ga sawunsu ba. Ga 'ya'yan ɓaure na zuba, ga kanwa, ga ruwa. Ko ni ne ai zan zo."

"Tun tana ɗaure suke zuwa?"

"Tun satin farko. Su da sassafe, ita duk yini. Ƙuda ɗaya ke yi musu hidima."

"Kwana nawa ta yi a nan?"

"Ashirin da shida. Ba ta tashi ba, aka kira mahauci."

Liyatu ta zagaya turken sau ɗaya. A waɗannan makonnin tana ƙauyukan wajen Paiko ana rigakafin awaki. Da ta dawo aka ce mata an sayar da farar saniyar, ta ɗauka gaggawar Alhaji ce kawai.

"Baba, gilasan nan, kana ci gaba da yi?"

"Wa ya ce in daina?"

Shekara uku da suka wuce, wata ƙawarta mai suna Theresa, ma'aikaciyar ɗakin gwaji na jami'a a Gidan Kwano, ta nemi jinin namun daji don wani bincike. Liyatu ta koya wa Baba Sheshi aikin: duk abin da ya harbe, ya ɗiga jinin kunne a ɗan siririn gilashi, ya shafa shi da gefen wani gilashin, ya bari ya bushe. Ba ya rubutun boko. Sai ya naɗe kowane gilashi a takarda, ya zana sawun dabbar a kai, ya rubuta wata da wuri da ajami. Binciken ya ƙare a watan Mayu, babu wanda ya tuna ya gaya masa.

A bukkarsa ya ɗauko gwangwanin madara daga cikin jinka. Gilasai goma sha huɗu ne a ciki, daga Yuli zuwa ƙarshen Oktoba.

"Za ki sa masa hannun?"

"Ban sani ba, Baba."

"Namuna ba su da ciwo. Shekara arba'in ina feɗe su. Kin taɓa ganin mazo yana hawaye?"

"Ba sai ya yi hawaye ba," in ji ta. Ta saka gwangwanin a jaka, ta kama hanya tun kafin ya ba da amsa.

Ranar Alhamis ta bar Shango ƙarfe bakwai, ta sauya mota a Kpakungu, ta tsaya a layin ɗalibai minti arba'in. A cikin motar ta rungume jakar, kowane rami suka faɗa sai ta ji gilasan na ƙara. Ban da gwangwanin akwai gilashi ɗaya da ta ɗauko daga aljihun teburinta, na jinin farar saniya, ranar sha biyu ga Yuni.

Babu wuta a ɗakin gwajin. Theresa na zaune bakin taga tana cin gyaɗa.

"Sista Liyatu, wa ya mutu? Dubi fuskarki."

"Ki ciro mini tsofaffin gilasan Baba Sheshi. Duka."

"Duka sittin da ɗaya? Abeg, ban ko karya ba."

"Ga gyaɗa kina ci."

Theresa ta jawo tsohon madubin duba jini, mai aiki da hasken rana, ta girka shi a kan tagar. Sababbin gilasan sai an jiƙa su a ruwan rini rabin awa kafin a duba. Liyatu ta yi rabin awar tana kai da komo tsakanin ƙofa da famfo, har Theresa ta ce ta zauna ko ta fita, tana kare mata haske.

Tsofaffin an riga an duba su, sakamakon na cikin littafi, amma suka sake duba duk wanda aka yi wa alama. Cikin sittin da ɗaya, biyar ne ke da ƙwayar sammore, duka kuma iri ɗaya: doguwa, siririya, mai wutsiya. Wannan ta daɗe a kurmin. Shanun yankin na kamuwa da ita jefi-jefi, allura ɗaya ta kore ta.

Sai Theresa ta ɗora gilashin farar saniya. Ta daɗe tana juya maɓallin.

"Wannan ba 'yar gida ba ce. Gajera ce, kuma ba wutsiya. Daga ina?"

"Daga kudu. Ci gaba."

Na Yuli guda uku, gyazbi biyu da gada ɗaya, babu komai. Na farkon Agusta, babu komai. Na biyar, mai zanen sawun mazo, ƙarshen Agusta, gindin ɓaure. Theresa ta ɗago kai, ta matsa gefe. Liyatu ta kafa ido. A tsakanin ƙwayoyin jini ga ta nan, gajera, ba wutsiya, kamar an ciro ta daga gilashin saniyar.

Sun gama ƙarfe biyu da kwata. Daga ƙarshen Agusta zuwa Oktoba gilasai goma ne, shida na ɗauke da gajerar: mazo uku, gada biyu, gadu ɗaya. Biyar daga cikin shidan a gindin ɓaure aka harbe su, ko a kan hanyar zuwa can.

"Lissafin ya fita," in ji Theresa, tana ƙirgawa da yatsu. "Ƙuda ya sha jinin saniya tsakiyar Yuni. Ƙwayar ta yi kamar sati uku a cikinsa kafin ta hau bakinsa. Daga nan duk wanda ya ciza ya ba shi, har ya mutu, wata biyu ko uku. Duk bayan kwana uku yana neman jini, kuma a duniya babu jinin da yake so kamar na mazo. Mazo kuwa ba ya kwanciya, yawo zai yi ta yi da ita. Sabon ƙuda a wanke yake fitowa, uwarsa ba ta ba shi, amma in cizon farko ya samu mazo, shi ke nan." Ta tsaya. "Amma ai kin yi wa saniyar allura."

"Na yi."

"Kin sake duba jininta bayan allurar?"

"A'a."

Theresa ta share gilashin madubin da gefen rigarta.

"To, gajerar ba ta jin maganin. Ko an saba mata da shi tun can, ko maganin ne ba shi da ƙarfi. Wane mai hankali ne ya ɗaure ta a bakin rafi?"

"Ni."

A waje wata motar ɗalibai na ta buga hon.

"Ki saurare ni," in ji Theresa. "Gilashi ba ya ganin komai da komai. In ƙwayar kaɗan ce, tana iya ɓuya. Ba zan rantse cewa babu ita a kurmin kafin Yuni ba. Abin da zan iya faɗa, ban gan ta ba cikin sittin da ɗaya. Kuma takardar Alhajin nan, a yau ba ƙarya ta yi ba. Namun na ɗauke da ita. Ki sa hannu, babu wanda zai tambaye ki turke."

"In aka tayar da inji, ina namun za su?"

"Wannan kuma ba aikin ɗakin gwaji ba ne."

"Rubuta mini abin da kika gani. Wata, dabba, wuri. Kar ki ƙara, kar ki rage."

Ranar Juma'a an shimfiɗa tabarmi biyar a ƙofar mai unguwa. Mutane sun kai talatin. Ndayako tsoho ne mai ƙaramin jiki, yana zaune a kujerar roba, sandarsa a kan cinya. Alhaji Sanda na damansa, makiyayinsa, wani dogon Bafulatani mai ƙarancin magana, na tsugune a gefe. Baba Sheshi ya zauna can ƙarshen tabarma da bindigarsa, duk da an ce ya bar ta a gida.

Liyatu ta durƙusa ta yi gaisuwa, ta gyara gyalenta, ta fitar da takarda biyu.

"Ranka ya daɗe, wannan ta Alhaji ce, ban sa mata hannu ba. Wannan kuma sakamakon jini ne."

"Bismillah," in ji Alhaji Sanda. "An fara turanci."

Ba ta yi turanci ba. Ta faɗi abin da aka gani bi da bi, da wata da adadi, ba ta ɗaga murya ba. Shekara biyu da rabi ana duba jinin namun kurmin, ba a ga irin wannan ƙwayar ba. An fara ganin ta a jinin farar saniya a watan Yuni. An ɗaure saniyar kwana ashirin da shida a gindin ɓaure, inda tsando ya fi yawa, inda namun ke shan ruwa. A ƙarshen Agusta aka gan ta a jinin mazo. A cikin watan ne kuma saniyar farko ta garken ta mutu.

"Wa ya ɗaure ta a can?" Ndayako ya tambaya.

Idanu suka koma kan makiyayin. Bai motsa ba.

"Ni na nuna itacen, ranka ya daɗe," in ji Liyatu.

"Haka ne?" Ndayako ya tambayi makiyayin.

"Haka ne," in ji makiyayin. "Na ce mata akwai tsando a wurin. Ta ce allura ta riga ta kashe ciwon, kwana biyu jinin zai wanke."

"Haka na ce. Ban dawo na duba ba."

Surutu ya tashi a tabarmin baya. Wani ya ce ashe likitar ce ta kawo ciwon, wani ya ce a'a, mai shanun ne ya sayo shi a mota. Alhaji Sanda ya bari suka lafa. Ya cire hularsa, ya duba cikinta, ya mayar.

"Malama, na ji. Saniyata ce, bakinki ne. Wannan za mu zo kansa. Tambaya ɗaya zan yi miki a gaban mutane. Yau, Juma'ar nan, ciwon yana jikin namun ko ba ya?"

"Yana jikinsu."

"Ƙudan da ya cije su yana cizon shanuna?"

"Yana yi."

"To, ranka ya daɗe, me muke jira? Ni ban zo shari'ar wanda ya fara ba. Saura shanu ashirin da uku nake son in tsira da su."

"Namun ba za su tsaya a sare su tare da itatuwa ba," in ji Liyatu. "Da sun ji inji za su gudu, su tafi da abin da ke jininsu. Ƙudan ma ba ranar Asabar zai mutu ba. Zai koma gindin mangwaron gari da gefen gonaki, ya rasa mazo, sai shanu da awaki da tumaki. Mutum ba ya ɗaukar irin wannan, amma akuya na ɗauka."

Ndayako ya juya ya dubi ƙarshen tabarma.

"Sheshi, in inji ya tashi, ina za su bi?"

"Ƙasa, ranka ya daɗe. Sama madatsa ce, ba mafaka. Rafi za su bi zuwa kurmin ƙasa."

"Inda rugage uku ke shayarwa," in ji Ndayako.

"Nan ɗin."

"Ke kuma me kika kawo ban da laifinki?"

Ta faɗa. A kwashe garken zuwa tudu, a riƙa shayar da su a filin bakin madatsa inda babu inuwa, tsando ba ya zama a rana. A sauya magani, a duba jinin kowace saniya sati biyu bayan allura. A haƙe ƙasar kanwar a kwashe. A rataya tarko ashirin a bakin rafi, na shuɗin yadi da baƙi, kalar da ke jawo ƙudan. Tsando ba ya haihuwa da yawa, ɗa ɗaya duk kwana goma, don haka duk wanda tarko ya kama giɓi ne. In rani ya yi nisa kurmin zai bushe, sauran su matsu a bakin ruwa, inda tarkon yake.

"Mazon kuma ya warke?" in ji Alhaji Sanda.

"Ba zai warke ba. Amma in babu ƙuda, ba shi da hanyar ba kowa."

"In babu. In."

"In babu, Alhaji."

Ndayako ya gyara riƙon sandarsa. Da ya yi magana, a taƙaice ya yi. Ciwon a ƙasarsa aka sauke shi, ba zai kora shi rugagen ƙasa ba, su ma mutanensa ne. Ba za a sare komai ba sai ruwan farko ya sauka. In har lokacin shanun da ke tudu na ci gaba da mutuwa, a dawo tabarmar nan, kuma ranar ba zai nemi hannun kowa ba.

Alhaji Sanda ya ɗauki takardarsa, ya ninke ta huɗu, ya miƙe.

"Wata zan rubuta, Malama, zuwa ga mai gidanki na ofis. Wannan ba sai kin sa mata hannu ba."

"Tawa na kan teburinsa tun safe, Alhaji. Har da turken."

Ya juya ya ce wa makiyayin gobe a fara hawa tudu.

Asabar ƙarfe bakwai da rabi tana bakin kurmin da buhu. Telan da ta ba ɗinkin tarkon a Shango bai gama ko rabi ba, tarko shida kawai ta samu, da ragowar yadi. Ta san ranar Litinin wata takarda na jiran ta a ofis, kuma mai yiwuwa a ɗauke ta daga yankin, ba ita za ta ƙirga ƙudan da tarko zai kama a watan Maris ba. Tun a hanya take nanata yadda za ta koya wa Baba Sheshi ƙirgar.

A bakin kurmin ta ga wata tsohuwar akori-kura, da mutum uku a zaune a bayanta da injuna biyu. Babu wanda ya tuna ya aika musu cewa an fasa. Baba Sheshi ya riga ya gaya musu, suka ce sai sun ji daga bakin Alhaji, ga shi wayarsa ba ta shiga.

"Ku zauna ku jira," in ji Liyatu. "Kar dai ku taɓa komai."

"Madam, mu da aka ce mu zauna, me za mu taɓa?"

A gindin ɓaure turken ya ƙi fita. Damina guda ta kama shi. Baba Sheshi ya sassauta ƙasar da fartanya, ita ta riƙe shi tana girgizawa gaba da baya har ya zare, ta kusa faɗuwa. Suka haƙe ramin kanwar kamu biyu, suka cika buhu. Ta rataya tarko na farko a reshe, daidai gwiwa, shuɗin na fuskantar ruwa. Kafin ta gama ɗaure na biyu, ƙuda uku sun shiga ragar na farko.

"Kullum da hantsi za ka duba, Baba. Kowane tarko da takardarsa. Ƙuda ɗaya, zane ɗaya."

"Ni da na zana sawun gadu, zane ɗaya zai gagare ni?"

Sai ƙara ta tashi daga bakin kurmi. Ɗaya daga cikin mutanen ya gaji da zama, ya ja igiyar injinsa don ya ji ko fulogin da ya sauya na aiki. Bai wuce rabin minti ba ya kashe. A cikin wannan rabin mintin wani abu ya fashe daga sarƙaƙiyar da ke hayin rafi, ja mai fararen zane, ya tsallake ruwan da tsalle biyu, ya ɓace.

Baba Sheshi ya ajiye fartanyar. Ya bi gaɓa a sunkuye taku ashirin, ya dawo.

"Mazon ne, namijin. Babban. Kullum nan yake kwana, tun Yuli."

"Ina ya bi?"

Ya nuna ƙasa da haɓa.

"Zai dawo?"

"Wani ya dawo, wani ba ya dawowa."

"Kurmin ƙasa tafiyar nawa ce?"

"Ga mutum, awa ɗaya."

Liyatu ta dubi tarko huɗu da suka rage a ƙasa, ta dubi ragowar yadin. Ta ɗauki biyu ta cusa a jaka, ta miƙa masa biyu.

"Rataya waɗannan a mashaya ta sama. In ka gama ka same ni a kurmin ƙasa."

"Kin san hanya?"

"Rafi zan bi."

Ta tattare siket ɗinta, ta shiga ruwan.